Fuskar Gimbiyar Toka

Wannan labari na wani mai fenti ne a tashar Funtuwa, Jatau sunansa, da wata kwalbar tawada da ba ta ƙarewa. In kun ji abin da hankali bai ɗauka ba, ku bar shi a inda kuka same shi, mu ci gaba da tafiya.

Jatau shi ke zana bayan manyan motoci: zaki, dawisu, jirgin sama, hanyar da ta ratsa tsakanin duwatsu. In aiki ya yi sauƙi kuma sai ya zana 'yan littattafan hotuna, irin waɗanda ake sa maganar mutum cikin ƙawanya a saman kansa, direbobi da 'yan kamasho su yi ta rububinsu. Shi da matarsa Lantana Allah ya ba su 'ya'ya maza. Ta farin ce kaɗai mace, ita kuwa ko rarrafe ba ta fara ba ta koma ga Mai ita.

A shekarar ne, wata rana da tsakar rana, wani tsoho ya zauna a inuwar rumfarsa. Jatau ya miƙa masa kunun zaƙin da ya saya wa kansa. Tsoho ya shanye tas, ya ajiye 'yar kwalbar tawada, ya ce, "Kada ka zana da ita sai abin da kake ƙauna." Kafin Jatau ya ɗago kai, babu tsoho babu sawunsa.

To, abin da ya zana da tawadar nan, muguwar labarinsa ce. Gimbiyar Toka ake ce mata. Doguwa ce, sanye da baƙar alkyabba, fuskarta rufe da marufin ƙarfe, kuma daga ƙarfen nan wuta ke fita. Ita ce shugabar 'Yan Toka, ƙungiyar 'yan ta'adda masu ƙona kasuwa ranar da take ci, su tare hanya, su bar gari ba mai kwana da ido biyu rufe. Mayaƙanta da ragowar tawadar da ke bakin alƙalami ya zana su. Jarumin labarin kuwa, wanda ke korar ta a ƙarshen kowane littafi, da tawadar kanti aka yi shi.

Direbobi kan ce, "Haba Jatau, ka kashe mana matar nan mana mu huta!"

Sai ya ce, "Sai a na gaba."

"To wai mene ne sunanta na yanka? Kowa da suna, ita sai Gimbiya, Gimbiya?"

Nan sai tari ya kama Jatau, ya koma tambayar mutum lafiyar birkin motarsa.

Haka aka yi ta tafiya har furfura ta cinye masa kai, yaran suka girma suka kama gabansu. Ran nan rana ta take, tasha ta yi tsit kamar an share, sai ga wata gajeruwar tsohuwa ta tsaya masa a ka. Ya dubi ƙafafunta ya ga kofato. Ya yi ta'awizi, ya gyara zama.

Ta ce, "Aminci gare ka, ya kai ɗan Adam. Ni ce Ta-Tsamiya. A tsamiyar bayan gidan ubanka nake zaune tun kakanka yana goye. Sarkin Birnin Raɓa na kiranka, domin abin da hannunka ya zana ya tashi da ƙafafunsa a ƙasarmu, yana cin garuruwanmu da wuta."

Jatau ya ce, "Iya, ni fa takarda na zana."

"Da tawadar wa?"

Jatau ya tuna kwalbar tsohon nan. Can ya ce, "To ai akwai jarumi, shi ke maganinta."

Ta ce, "Jaruminka na tawadar kanti yana nan kwance a takarda, ko atishawa bai taɓa yi ba. Tashi."

Ta ja shi bayan wata tirela da ya gama zanawa da safen nan, mai hanya tsakanin duwatsu. Ta sa kofato a kan fentin da bai bushe ba, sai ga ta tana tafiya cikin hoton. Jatau ya soka burushi a aljihu, ya ɗauki gawayin da yake fitar da zane da shi, ya ce bismillah, ya bi ta.

Birnin Raɓa a da, in ji Ta-Tsamiya, gidajensa da ɗigon raɓa aka gina su, in rana ta fito sai gari ya ɗauki ƙyalli har tsuntsaye su rasa hanya. Abin da Jatau ya tarar baƙar ƙasa ce da hayaƙi. Wata aljana na zaune bakin kangon gidanta tana jijjiga zanen goyo, ba kowa a ciki. Da ta ji an ce ga mai zanen nan, ba ta zage shi ba. Ta dai buɗe zanen goyon ta nuna masa, ta mayar ta rufe. Jatau ya so a ce zaginsa ta yi.

Sarki yana zaune a kan kututturen da ya ƙone, rabin gemunsa babu. Ya ce, "Ya kai ɗan Adam, ba mu kira ka don mu ci namanka ba, ko da yake akwai masu wannan shawara. Wadda ka zana ta ƙone garuruwanmu, kuma ta rantse za ta ƙetara ƙasarku. Da tasharku za ta fara, domin kai take nema. Makami ba ya kama ta. Abu ɗaya ke kashe zane: ruwan Rijiyar Shafe, kuma sai a hannun wanda ya zana. Ka ɗebo, ka watsa mata, ta zama kamar ba a yi ta ba."

Jatau ya ce, "Ranka ya daɗe, babu wata hanya?"

Sarki ya ce, "Ka tambayi mai zanen goyon can."

Suka kama hanya. Suka ratsa dajin da itatuwansa ke tafiya suna canja wuri, Ta-Tsamiya na gaishe su ɗaya bayan ɗaya da sunan kakanninsu, suna ba da hanya. Suka haye kogin da ke gudu sama zuwa kan dutse, a bayan wani kada mai haƙoran azurfa wanda ya yi ta ƙorafin ciwon baya har suka sauka. Suka isa Rijiyar Shafe. A bakinta wani dodo ne zaune, ba shi da ƙafa ɗaya, ba shi da kunne, gefen kansa fari fat kamar takarda, duk inda ruwan ya taɓa fantsamar masa.

Dodo ya ce, "Ya kai mai zuwa, ba a ɗibar ruwan nan sai an faɗi abin da za a shafe. Maƙiyi ne ko masoyi?"

Ta-Tsamiya ta yi wuf ta ce, "Maƙiyiya ce."

"Ba ke na tambaya ba, 'yar tsamiya."

Jatau ya daɗe yana kallon ƙasa. Ya ce, "Maƙiyiyar mutane ce."

Dodo ya ce, "Amsar 'yan kasuwa ka ba ni. Amma babu ƙarya a ciki. Ɗiba." Ya ba shi 'yar butar dutse, don ita kaɗai ruwan ba ya ci.

Daga nan suka faɗa Farar Ƙasa. Wuri ne da ba sama ba ƙasa, ba gabas ba yamma, ko inuwarka ba ka gani. Ta-Tsamiya ta tsaya cak, ta ce iyakar saninta ke nan, aljanu da yawa sun shiga ba su fito ba. Jatau ya duba, ya yi 'yar dariya, ya ce, "Iya, wannan ai gefen takarda ne, inda ban zana komai ba." Ya durƙusa da gawayinsa ya ja layi biyu, suka zama hanya. Ya yi ta ja suna bi, gwiwoyinsa na ƙara. Da zafi ya ishi tsohuwa ya zana mata 'yar bishiya ta huta. Ta dubi bishiyar ta ce, "Wannan tsamiya ce ko dawisu?" Ya ce, "Ki zauna dai, Iya, inuwa ai inuwa ce."

Gawayi na ƙarewa, sai ga ganuwar baƙin ƙarfe, hayaƙi na tashi daga kowace kusurwa. 'Yan Toka sun yi sahu a bakin ƙofa, ƙarti majiya ƙarfi, idanu jajur, wuta na fita daga bakunansu. Amma kowanensu hannayensa na soke cikin hannun riga, ko a aljihu, ko a bayansa. Dalili kuwa, Jatau duk iya zanensa bai taɓa iya yatsu ba, in ya zana sai su fito kamar rogo. Saboda haka ɓoye su yake yi.

Babbansu ya daka tsawa, "Wane ne kai, mai neman ya zama toka?"

Jatau ya gyara hula, ya matsa, ya miƙa hannu. Ya ce, "Salamu alaikum, samari. Dattijo ya zo ƙofarku, ba wanda zai ba shi hannu a gaisa?"

Babban ya dubi hannun Jatau, ya dubi hannun rigarsa. Wutar bakinsa ta mutu. Jatau ya juya ga na kusa, shi ma ya sunkuyar da kai ya ja da baya. Haka ya yi ta miƙa hannu suna darewa don kunya, har ya tsinci kansa a tsakar fada.

Gimbiyar Toka tana zaune a kan kujerar ƙarfe, ta fi yadda ya zana ta tsawo. Ƙarfen fuskarta ya yi ja don zafi. Ta ce, da murya kamar ana jan ƙofar langalanga, "Ka iso, ya kai mai zane. Na san abin da ke cikin butarka. Kafin ka ɗaga ta zan iya mai da kai gawayi. Amma ina da tambaya, kuma saboda ita na ƙone garuruwa, don na san ƙarshenta sai sun kawo mini kai."

Jatau ya ce, "Da kin aiko kawai, da na zo."

"Yi mini shiru! Babban dogarina ka ba shi suna. Jarumin banzan nan ka ba shi suna, har da na ubansa. Dokinsa ma yana da suna. Ni ka ce Gimbiya, ka rufe mini fuska da ƙarfen da ke ƙona ta dare da rana, ban taɓa ganin kamannina ba. In an tambaye ka sunana sai ka yi tari. Ina jin ka, ta cikin takarda. Wace irin ƙiyayya ce wannan, da bakinka ba zai iya ɗaukar sunana ba? Ka faɗe shi yanzu, ko Funtuwa ta kwana toka."

Ta-Tsamiya ta raɗa masa, "Watsa mata, yanzu take kusa."

Jatau ya ajiye butar a ƙasa. Ya zauna shi ma, don gwiwoyinsa sun gaji. Ya ce, "Ba zan faɗa ba."

Wuta ta yi tsiri daga ƙarfen har ta lashi rufin fada.

Ya ce, "Ki ƙone ni in kin so, amma bakina ba zai faɗa ba. A wurinmu mutum ba ya kiran sunan ɗansa na fari. Ba ya yi masa wasa a gaban mutane, ba ya yabonsa. In an ambace shi sai ka kau da kai kamar ba ka ji ba. Wanda bai san mu ba sai ya ce ƙi ne. Balle ke, da sunan mahaifiyata aka raɗa miki. Ta ina zan fara?"

Gimbiya ta ce, "Ni zane ce. Ba ni da uba."

"Miƙo hannunki."

Ta fitar da hannu daga alkyabba. Dogayen yatsu, sumul, har da jan lalle a farce.

Jatau ya ce, "Duk ƙasar nan wa ke da yatsu in ba ke ba? Wata guda ina satar kallon hannun Lantana tana tankaɗe, ina ɓata takarda, kafin su fito. Muna da 'ya, ta tafi tana jaririya. Na zauna ina tunanin yadda za ta zama in ta girma, na ɗauko tawadar da aka ce kada in zana da ita sai abin da nake ƙauna. Da fuskar ta fito na kasa kallonta, na kuma ji tsoron uwarki ta gani. Sai na rufe. Masu saye suka ga rufaffiyar fuska suka ce muguwa ce, ni kuma na bi bakinsu. Sun yi ta roƙo in kashe ki. Kin taɓa ganin na bari an kama ki?"

Gimbiya ta daɗe tana juya hannunta tana kallo. Da ta yi magana, muryar ta ragu. Ta ce, "To in ba za ka kira sunan ba, me kake ce mini a ranka?"

Ya ce, "Uwata."

Ta sauko daga kujera. Ba ta iya durƙuso ba, don bai taɓa zana ta a durƙushe ba, sai ta zube kawai a gabansa kamar raƙumi. Ta ce, "Akwai zafi a cikin ƙarfen nan, Baba."

"Na sani. Tsaya cak, kada ki motsa."

Ya tsoma burushi a buta, burushi ya narke har kan itacen. Ya yage bakin rigarsa ya tsoma, ƙyallen ya ɓace. Ta-Tsamiya ta ce, "Jatau, kada ka yi abin da nake gani a idonka." Ya ce, "Iya, in na watsa zai taɓa fuskar. Aikin nan na yatsa ne."

Ya tsoma yatsunsa, waɗanda yake riƙe burushi da su. Ya fara shafar ƙarfen daga goshi, a hankali, yadda yake goge kuskure a jikin mota kada ya ɓata fentin ƙasa. Ƙarfe na tafiya, yatsu na tafiya. Babu jini, babu ciwo, sai dai sanyi da raguwa. Ya bi ta kan gira, ya zagaye ido, ya sauko kumatu. Da ya zo haɓa babban yatsa ya ƙare, ya ƙarasa da ɗan abin da ya rage na manuni. A waje kuwa aka ji wani irin shuu, 'Yan Toka suna zubewa tuli-tuli, domin wutarsu daga ƙarfen take.

Sai ga fuska. Baƙa ce mai haske, da 'yar wushirya, da ɗan tabo a gefen ido inda alƙalami ya taɓa zamewa. Jatau ya kalle ta sau ɗaya, ya kau da kai gefe, ya shiga gyaran hularsa da ba ta karkace ba.

Ta ce, "Baba, ba ka kalle ni ba. Mummuna ce?"

Ta-Tsamiya ta share ido da bakin zane, ta ce, "Ke dai ba ki da wayo. Yanzu fa ya gama gaya miki. Zo nan, ni ba 'yar farina ba ce ke, kuma ina kan reshe ranar da aka raɗa shi." Ta jawo kunnen yarinyar ta raɗa mata sunan. Yarinya ta maimaita shi a hankali, ba sauti, ta sake maimaitawa. Jatau ya yi kamar yana kallon rufi.

Ba a jima ba Sarkin Birnin Raɓa ya iso da jama'arsa. Ya dubi tulin toka, ya dubi buta, ya dubi hannun Jatau. Ya ce, "Ya kai ɗan Adam, mun aike ka ka shafe, ka yi gyara. Waɗanda suka mutu fa? Wa zai zana mana su?"

Gimbiya ce ta miƙe. Ta je gaban aljanar nan mai zanen goyo ta tsaya, fuska a buɗe. Ta ce, "Ni na yi. Ga ragowar ruwan can a buta. In kin ce a watsa, zan roƙi Baba ya watsa."

Aljanar ta daɗe tana kallonta. Ta ce, "In an shafe ki, wa zai tuna abin da aka yi mini? Ki zauna. Kina da hannu. Ki gina gidana da shi, ki gina na maƙwabta, kullum in fito in gan ki kina yi."

Sarki ya ce, "Hukunci ya yanku. Za ta ɗebo raɓa kowace safiya ta gina abin da ta rushe, gari bayan gari. Ba za ta taka ƙasar 'yan Adam ba har abada. Kai kuma, mai zane, in ka fita hanyar za ta rufe a bayanka."

Gimbiya ta rako Jatau har bakin duwatsun da ya shigo ta tsakaninsu. Ta riƙe dungulmin hannunsa da nata hannayen biyu. Ta ce, "Ita Inna, ta san da ni?"

Ya ce, "Ba ta taɓa ambatonki ba, ko sau ɗaya. Kwanon da aka yi miki wanka a ciki kuwa har yau ba ta bari kowa ya taɓa. Ki yi aiki da kyau, Uwata. Ki riƙa gaida mutane."

Ya fito daga bayan tirela, fentin ya bushe ƙam. Kwalbar tawada da ya duba a rumfa, ta ƙafe har ƙasa. Wani direba ya hango shi ya ce, "Jatau, yaushe na gaba zai fito? Wannan karon dai a kashe ta!" Jatau ya soke hannu a aljihu, ya ce, "An gama labarin nan."

Ya isa gida da la'asar sakaliya. Lantana na tsakar gida tana tankaɗe. Ta ga hannun, ta ajiye rariya, ta kama shi tana salati. Ya ce ta kwantar da hankalinta, ba ciwo. Ya zauna a kan turmi, ya dubi bango, ya ce, "Na ga Uwata."

Lantana ba ta ce wace ba. Ta saki hannun a hankali, ta koma ta ɗauki rariya, ta ci gaba da tankaɗe garin da ta riga ta tankaɗe. Kaji suka zo suna tsattsagar na ƙasa ba ta kore su ba.

Can, ba tare da ta ɗago ba, ta ce, "Mutanen can, suna ba baƙo abinci kuwa?"

Ya ce, "Suna bayarwa. Ta yi tsawo. Hannunki ta ɗauko."

Lantana ta dubi hannunta, fari fat da gari. Ta juya masa baya ta fuskanci murhu, ta ce hayaƙin itacen nan ya cika shiga ido. Jatau ya duba, ko wuta ba a hura ba. Ya ce, "Ƙwarai kuwa, ɗanye ne."